Geron Kawu Gado da Egalizar ta Jikka Shida

Duk wanda ya taɓa shiga sitidiyon Kawu Gado a bayan tashar Dogon Dutsi ya san ƙoƙon nan. Tsohon ƙoƙo ne mai ɗinki a gefe, kullum yana zaune a kan babban bafle, wato lasifika, da tafin gero a cikinsa. Kawu ba ya fara haɗa waƙa sai ya zuba geron. Zai kunna kiɗa, ya ja kujera, ya zura wa ƙoƙon ido kamar mai duba. In gero ya yi tsalle ya zube ƙasa, ganga ta yi nauyi, a rage. In ya kwanta bai motsa ba, kiɗa ya mutu, a ƙara. In kuwa yana rawa a tsakiya bai fita ba, sai Kawu ya bugi cinya ya ce waƙa ta nuna, a sauke.

Ni ne Isufu, ɗan ƙanwarsa. Shekara tara muka yi a ɗakin nan, shi da suna, ni da ordinatar, wato kwamfuta, kuma da ɗakin muke ciyar da gidaje biyu. Ku yi mini haƙuri in kun ji ina masifa. An yi sadakar arba'in tun tuni, amma har yau in na tuna mutumin nan haushi ne ke fara zuwa, hawaye sai daga baya.

Kun tuna ranar da kaza ta yi mana ɓarna? Wani mawaƙin noma ne ya taso tun daga Ɗan Kassari da makaɗansa biyu a kan babur ɗaya. Muka fita sallar azahar muka bar ƙofa a buɗe, kazar maƙwabta ta shiga ta share ƙoƙon tas. Da muka dawo Kawu ya leƙa, ya ce aiki ya tashi sai gobe. Na ce ga mai gero can tsallaken hanya, bari in karɓo tafi ɗaya. Ya dube ni kamar na zagi uwarsa, wadda kakata ce.

"Geron ga wata huɗu shina aiki, ya san kiɗi," in ji shi. "Sabon gero baƙo na, sai ya kwana bisa bafle."

Mawaƙin ya marairaice, ya ce to yanzu yaya za a yi da su. Kawu ya ce in suna sauri su kamo kazar su ɗora a kan bafle, injiniyan yana cikinta. A garin nan bayin Allah suka kwana.

Sai kuma maganarsa da kowa ya haddace: "Mi kac ce?" Zai karkata kai, ya haɗe gira, ya jefa maka ita. Na raka shi kasuwa sayen waya ta makirufo, mai kaya ya faɗi kuɗi, Kawu ya ce mi kac ce. Mutumin ya rage. Kawu ya sake. Ya ƙara ragewa. A na uku ya naɗe wayar ya miƙa masa, ya ce ya ba da abin da ya sawwaƙa, shi ba ya son tsinuwar tsoho. Har jandarma a shingen hanya ya taɓa yi wa ita, yaron ya mayar masa da takardun babur ba tare da ya buɗe su ba. Mu duka mun ɗauka isa ce, har muna alfahari da shi.

Ana nan sai waƙoƙinmu suka fara sukar kunne. Ganga lafiya lau, amma murya da kuge da duk wani abu mai tsini sai Kawu ya ɗaga shi har ya zama allura. Direbobin tasha suka ce in sun sa waƙarmu fasinja na roƙon a rage. In na taɓa maɓalli in sassauta, ya buge mini hannu. Mawaƙa kuwa sai muka ga ɗaya bayan ɗaya suna hawa mota zuwa Dosso neman wani sitidiyo. Cikin manyan da muke aiki da su, Rakiya zabiya ce kawai ta rage, ita da 'yan amshinta biyar. In ta tafi, sai dai mu koma tura waƙa a waya.

A lokacin ne na ci karo da egalizar ɗin. 'Yar manhaja ce da ake ƙara wa ordinatar, tana rage tsinin sauti ko ta ƙara masa nauyi. Muna da irinta da ta zo da kayan aikinmu, amma wannan tana da wani abu daban: tana zana maka sautin a gilashi, ka ga da idonka inda ya yi tudu da inda ya yi kwari. Jikka shida ce ta sefa kacal, kuma ina da aboki a Yamai mai katin banki da zai saya mana. Ni ma na yi ta juya abin a raina, don arhar ta sa ni zargi. Amma na ce ko ba ta yi komai ba, za ta nuna wa Kawu tudun da yake tarawa, mu huta da gardama.

Na nuna masa hotonta a waya. Ya daɗe yana kallon layin nan yana hawa yana sauka, fiye da yadda na zata. Sannan ya miƙo mini wayar ya tambayi inda kwalinta yake. Na ce ba ta da kwali. Ya ce in ta lalace wa zai kai wa gyara. Na ce ba ta lalacewa. Ya ce ƙarya ce, shi bai taɓa ganin abin da ba ya lalacewa ba. Washegari ya ce abin kirki ba a sayar da shi jikka shida. Na nemo masa wata mai tsada, ya ji kuɗinta ya ce ɓarayi. Mai arha banza ce, mai tsada sata ce, to wacce za mu saya? Kuma a satin nan mutumin ya sa wa babur ɗinsa madubi na uku. Da kuɗina na ce zan saya, ya ce ranar da ta shiga ɗakin, shi ya fita.

Akwai ta gwaji da suke bayarwa kyauta, sai dai duk bayan minti ɗaya tana sako wani siririn fito a cikin waƙa, don kada ka yi sana'a da ita. Da ya ji kalmar kyauta sai ya yi shiru, na ɗauka ya yarda. Na ɗora ta a kan muryar Rakiya, a waƙar da take yi wa bikin ɗan wani attajiri a Dumega. Kawu ya juya wa gilashin baya, ya ƙi kallo. Kafin in gama sai ruwan shuka ya sauka, dole na tafi gonar mahaifiyata kwana huɗu. Na gaya masa sau uku kada waƙar nan ta fita sai na dawo na cire abin. Ya ce ya jiya.

Rakiya ta matsa masa, ya gama waƙa, gero ya yi rawa, ya zuba mata a kati ta wuce Dumega.

Waɗanda suka je bikin sun fi ni sanin abin da ya faru. An kafa manyan bafle, amarya ta fito, muryar Rakiya ta tashi, sai ga fito ya ratsa filin. Aka waiwaya neman mai yi, babu kowa. Minti ɗaya, ya sake. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce doguwa ce, aljanar gidan uwar amarya, ta biyo ta, a ba ta haƙƙinta. Samarin da ke wa'azin hana kiɗa, waɗanda dama suna gefe suna cika suna batsewa, suka ce ai sun sha faɗa, ga Shaiɗan nan yau ya sa bakinsa da kansa. Uwar ango har ta fara neman wanda zai je Lugu wurin masu duba a tambayo. Kafin kwana biyu waƙar ta cika wayoyi, yara na ganin Rakiya a hanya sai su bi ta da fito.

Ranar da na dawo, ko ƙafa ban wanke ba, ta faɗo sitidiyo da 'yan amshinta biyar. Ta ce shekara ashirin tana gina sunanta, mun mayar da ita mai iskoki a yini ɗaya. Kawu ya ce shi bai san zancen ba, a sa waƙar a ji. Na sa. Fito ya tashi, matan nan shida suka toshe kunne, ni ma na runtse ido. Da na buɗe sai na ga Kawu zaune daram, ko gira bai motsa ba, idonsa a kan ƙoƙo.

"Ina hiton?" ya tambaya. "Gero bai gane shi ba."

A nan abin ya faɗo mini gaba ɗaya: geron, da mi kac ce, da bugun hannu. Da ina da hankali, da na sallami matan na rufe ƙofa. Amma na gaji, na tuna mawaƙan da suka gudu, na tuna gidaje biyu, sai na miƙe na buɗe murya iya ƙarfina.

"Kawu, kurma kake! Ba ka ji! Kashe mu za ka yi da yunwa don kada a sani?"

Na tsaya ina jiran mi kac ce. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Wannan na jiya," in ji shi.

Ya juye geron a aljihu, ya ɗauki ƙoƙonsa ya fita. Rakiya ta tattara 'yan amshinta suka tafi.

Kwana biyar bai zo ba. A na shida na same shi a gida, ƙarƙashin dogon yaro, yana kwance wata rediyo da ba abin da ya same ta. Na zauna ta gefen hagu, ya ce in koma dama. Ba tare da ya dube ni ba ya gaya mini cewa abin ya kai shekara bakwai. Shekarun da ya yi tsaye a bakin bafle a filin kokowa da gidajen biki su ne suka cinye masa kunne, tsinin sauti ya fara tafiya, sai nauyin ya rage masa, shi ma rabi da ido yake ganinsa.

"Hiton da kuke magana, ni da shi nike kwana, da shi nike tashi. Cikin kaina shike. Ƙaƙa za ni gane na waje?"

Ya ce tun ranar da na nuna masa layin nan a waya ya san abin zai tona shi. Na ce to yanzu ai an riga an sani, sai mu saya. Ya ajiye abin kwance rediyo, ya karkata kai.

"Jikka shida, don ta hwaɗa mini abin da kah hwaɗa mini kyauta gaban mata?"

Kun ga irin mutumin da na zauna da shi! Ba a saya ba. Amma washegari ya dawo da ƙoƙonsa, ya ja kujerata kusa da tasa, ya ce ƙasan waƙa nasa ne da gero, saman nawa ne da kunne, kowa ya tsaya gonarsa. Muka sake wa Rakiya waƙarta, muka je har gida muka ba ta haƙuri, ta dawo. Daga daminar nan zuwa kaka muka fitar da waƙoƙin da ban taɓa jin mun yi irinsu ba, har biyu daga cikin 'yan Dosso suka sake leƙo mu. Ana cikin yankan gero ciwo ya kwantar da shi, sati biyu Allah ya karɓi abinsa.

A zaman makoki mutane suka yi ta cewa ba a taɓa yin kunne irin na Gado a Arewa ba. Wasu daga cikinsu su ne suka koya wa yara fiton nan. Sai da na fita waje don kada in yi abin kunya a kan tabarma. Ina jin haushinsu. Ina jin haushinsa, da ya ɓoye ciwo shekara bakwai ya ƙi ko zuwa likita, ya bar ni ina zaton mugun hali ne. Wanda na fi jin haushi kuwa shi ne ni. Na je na ba Rakiya haƙuri, amma shi ban ba shi ba. Kullum sai in ce gobe, in mun gama wannan waƙar.

Bayan arba'in na kira abokina na Yamai ya saya mini egalizar ɗin. Masu tambayata ko ta ci kuɗinta, amsar ita ce ta ci, jikka shida daidai, ba ta wuce haka ba. Abu na farko da na yi da ita, na buɗe tsofaffin waƙoƙin Kawu, waɗanda suka kori mutane. Ta saman, tudu ne tsaye kamar dutsen garin nan, yadda na zata. Sai na duba ƙasan, wajen ganga. Layi ne shimfiɗe sumul, waƙa bayan waƙa, ban samu wurin da zan taɓa ba. Na kashe ordinatar na zauna na yi kukan da ban yi a makabarta ba.

Ƙoƙon yana nan a kan bafle. Matarsa ta tarar da sauran gero a aljihun rigarsa ta aiko mini, shi nake zubawa, kuma yanzu ina rufe ƙofa saboda kaji.

Allah ya jiƙan Kawu Gado, ya yafe masa, ya sa ya yafe mini. Ya Allah, in mala'ikunka sun yi masa tambaya ya karkata kai ya ce mi kunka ce, ba raini ba ne. Ka sa su koma ta damansa, su maimaita masa a hankali. Ya san amsar.