Felista Mai Toshe Ramuka

Mahaifiyar Felista Namakhwa har ta koma ga Allah tana gaya wa matan coci cewa 'yarta gadi take yi a masana'antar shayi. Felista ba ta taɓa gyara mata zancen ba, don kusan hakan ne.

Da gyaran wutar lantarki ta fara, a wata masana'anta cikin tsaunukan Thyolo. Wata shekara, ana tsakiyar kakar ganyen shayi, injin busar da shayi ya haukace: allo na nuna zafi daidai, ganye kuwa yana ta babbakewa a ciki. Da aka bi diddigi, ashe tsoho Likoswe ne, shugaban ma'aikatan ɗakin injin, ya jona wayarsa a kwamfutar da ke sarrafa injin don ya yi caji, wata muguwar manhaja ta bi ta nan ta shige.

Kamfani ya tura Felista kwas a Blantyre. Ta dawo da takardar shaida da kwalbar gam, ta bi kwamfutocin injina ta toshe duk ramin da za a iya soka wani abu.

"To 'yata, yanzu ina zan yi caji?" in ji Likoswe.

"A gida, Baba."

"Gidan namu wuta gare shi?"

Washegari ta kafa musu soket a rumfar da ake tuƙa nsima, tuwon masarar ma'aikata.

Daga nan ta raba layin sadarwar kwamfutocin injina da na ofis, ta canza kalmar sirri, wadda tun ranar da aka kafa injin sunan kamfanin ce. Manaja ya kira ta.

"Felista, so nake in riƙa duba zafin injin a wayata daga gida."

"Ranka ya daɗe, in ka gani daga gidanka, wani ma zai gani daga nasa."

"Wa ya damu da shayinmu?"

"Masu kutse ba su ma san shayi muke yi ba. Ƙofofi kawai suke bi suna murɗawa."

Bai ƙara amsa gaisuwarta ba sai da damina ta wuce.

Shekaru suka tafi, babu abin da ya faru, har wasu suka fara tambaya wai ita mene ne aikinta. Sai ga shi masu kutse sun kulle injinan masana'antar da ke ƙetaren kwari. Manoman can suka rasa inda za su kai ganye, motoci suka yi ta sauke shi a ƙofar su Felista. Aiki ya ninku, aka soke hutun Lahadi.

Wata mai tsintar kara a ganye ta tare ta a bakin famfo, idanunta sun yi ja.

"Yaya Felista, kin kyauta ke nan? Mutanen can suna gida suna barci, mu kin hana injinmu ya lalace."

Felista ta ba ta haƙuri. Ta wanke hannu ta nufi ɗakin awo, inda aka ce wani ya kawo sabuwar na'urar buga takardu yana neman inda zai jona.