Takalman Bakin Ƙofa a Illela

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Sakkwato, ni da yayata da kwali uku na sabulu. Direba ya ce kwalayen ma fasinjoji ne, sai da aka biya musu kujera. A Gwadabawa muka sayi masa mai zafi, na ci ina kallon buhunan albasa jere a bakin hanya.

Illela ta cika mini ido. Babura ta ko'ina, 'yan canji na kaɗa sefa, ga dogon burodin Konni ta Nijar ɗaure a bayan babur kamar itacen girki.

Yayata tana karatun tattalin arziki a jami'a, kuma gwajin da ya kawo mu shi ne aikinta na kammalawa. A gidan gwaggonmu aka yi shi, da mata 'yan kasuwa. Mace guda za ta shigo ta ƙofar baya, ta zauna a ɗaki, a saki labule. Sai a kira wata daga zaure, a ba ta sabulu goma, ta ɗauki yadda take so, ta bar wa ta ciki saura. Yaya ta ce idan mai rabon ta san wadda ke ciki, aikin ya lalace.

Tun safe kowacce biyar take bari. Ina zaune a gefe, sai na lura kowace mace, kafin ta taɓa sabulu, sai ta saci kallon ƙasa. Ashe takalmi take dubawa. Ba mai shiga ɗakin mutane da takalmi, kuma a unguwar kowa ya san silifas ɗin kowa. Wata har murmushi ta yi wa wani shuɗi mai ɗinki.

Sai la'asar na iya buɗe baki na faɗa wa Yaya. Yaya ta dafe kai, ta ce rabin sabulun ya tafi a banza, na gobe kawai ya rage.

Washegari aikina shi ne ɓoye takalma a buhu. Nan rabo ya canza. Wasu suka bar uku, wata ta bar ɗaya ta fita da sauri. Can sai ga wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Ta dubi bakin ƙofa, ta ga wayam, ta yi dariya, ta ware biyar. Yaya ta tambaye ta ko ta gane ita da ta ciki ba wadda za ta san wata.

"Mi za ni kasa ganewa, ɗiyata? Takalminta kuka ɓoye. Wanki na jiran ta kamar yadda yake jirana."

Da magariba muka iso gida, Yaya rungume da takardunta, aikinta ya tsira. Na koyi cewa ana iya auna hannun mutum idan ba a ganinsa, kuma ba duka hannuwa ke canzawa ba. Na cire takalmana a ƙofar ɗakin Innarmu, na daɗe ina kallonsu.