Kowa Na Ce Miki Inna, Ni Ina Ce Miki Yaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, ashirin da uku ga Zulhajji, daidai da 13 ga Nuwamba, 1979, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Hajiya Safiyatu, matar Malam Ƙasimu tela na bakin gada a Wudil, wadda matan ƙasar nan suka fi sani da Inna Turai. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita bayan babbar salla, bai kuma sake ta ba. Ni mai wannan rubutu sunana Saudatu, malamar firamare ce. Ni ce 'yarta ta fari.

Yaya, da wannan suna na saba kiranki, da shi zan kira ki yau. Ana yaye ni kaka ta ɗauke ni ta tafi da ni Dagumawa, na tashi ina ce mata Inna, ke kuma ina ce miki Yaya. Kin riƙe kunyar 'yar fari fiye da duk matar da na sani. Ba ki taɓa kiran sunana ba. In na shigo ɗaki sai ki tuna da tukunya a kan wuta. In kina da magana da ni sai ki dubi ƙanwata Auta ki ce, "Gaya wa waccan." Mutane suna yaba miki, suna cewa Turai akwai kara, ni ma ina gyaɗa kai ina murmushi. Yau da ba kya nan zan faɗa a fili: kishi nake yi, kuma na daɗe ina yinsa.

Ba da Auta nake kishi ba, ita haƙƙinta ta ci. Da matan Utai nake, da na Indabo, da duk wata mai ciki da ta taɓa zama a kan tabarmarki.

Bayana kin haifi uku da ba su kai suna ba. Duka ciwo ɗaya ne ya ɗauke su: jariri ya zo lafiya lau, kafin mako ya zagayo ya saki nono, bakinsa ya sarƙe, jikinsa ya sandare. A da, iska ake cewa. Da arzikin man fetur ya shigo aka shimfiɗa kwalta, aka gina mana asibitin sha-ka-tafi mai rufin kwano, aka kawo allurar da ake yi wa mai ciki don ta kare ɗan da ke cikinta daga wannan ciwo. Gini ya yi kyau, sai dai benci yakan wuni babu kowa a kansa. Mata suna cewa allurar zubar da ciki take yi, wasu suna cewa daga ita an rufe haihuwa. Ke ungozoma ce tun kafin a yi asibitin. Kin je da ƙafarki kin zauna gaban malamar asibiti kina tambaya har ta gaji, kin koma gida, washegari kin ɗauki mayafi kin fita. Tun daga ranar gidanmu ya zama wurin kwana kawai a gare ki.

Na taɓa bin ki Utai a lokacin hutu, wai zan riƙe miki jaka. Na zaci wa'azi za ki yi wa matan. Sai na ga kin zauna a ƙasa, kin miƙe ƙafa, kin ja faifan wake kina tsinta tare da su. Can kika ɗaga kai kika tambayi matar da ke kusa da ke, "'Yata, naki nawa ne ba su kai suna ba?" Ta sunkuyar da kai ta ɗaga yatsu biyu. Kika tambayi ta gaba da ita. Kafin ki zagaye tsakar gidan babu mai tsintar wake kuma. Sannan kika faɗi naki uku, kika faɗi sunayen da kika tanadar musu a zuciya ba a samu raɗa musu ba. Ban taɓa jin waɗannan sunaye ba sai ranar, a tsakar gidan mutanen da ban sani ba. Mata suna share hawaye, ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne kin kira sunan matattu uku, mai rai tana tsaye a bayanki da jaka.

Da motar asibiti ta iso, wata tsohuwa ta ce ba za a taɓa surukarta ba sai ta ga an yi wa wani bai faɗi ba. Kika naɗe hannun riga kika ce a fara da ke. Haka kika yi ta yi ƙauye bayan ƙauye, har malamar ta rantse ba za ta ƙara ɓata miki allura ba, ta ce mace mai furfura ba ta da abin da za ta kare. Kin yi dariya har da riƙe ciki. Ba a gida kike irin wannan dariyar ba.

Mutanen Dagumawa ba za su manta da ke da Maikano ba. Ya ce matarsa ba za ta fita ba, kuma ba za a shigo masa gida da allura ba. Ba ki yi musu da shi ba. Kin shimfiɗa tabarma a ƙofar zaurensa tun hantsi, duk wanda ya zo wucewa ya gaishe ki sai ki ce kin zo gaida Maikano ne, kina jiran ya sallame ki. Da azahar ta yi rabin gari ya san baƙuwa tsohuwa tana zaune a rana a ƙofar gidansa. Da kansa ya fito da ruwa a ƙoƙo, ya ce, "Inna, don girman Allah ki tashi, kin tara mini jama'a. Ki tafi da ita." Yaron da aka haifa yana nan, ya fara bin awaki.

Ke kika koya wa ungozomomin ƙauyukan nan su bar tsohuwar aska su yanke cibiya da sabuwar reza. Ke kike tuna wa kowace mace cewa allurar ba ɗaya ba ce, sai an koma an yi ta biyu. Kin san watan kowa. Kina iya tare mace a kasuwar Juma'a, a tsakiyar masu nono, ki ce, "Ke, ina ta biyun?" Duk wannan alheri ne, na shaida, kuma ina roƙon Allah ya sa ki same shi a mizani.

To amma ni fa, Yaya?

Cikina na fari ne wannan, ya shiga wata na bakwai. Kin gan shi tun kafin maigidana ya sani, domin na ga yadda kika kawar da ido ranar da na kasa cin tuwo. Na san amfanin allurar, na ji bayaninta daga bakinki fiye da yadda ɗalibaina suka ji karatu daga nawa. Na ƙi zuwa. Cewa na yi ba zan je ba sai kin tare ni yadda kike tare matan kasuwa. Na ce a raina, wannan karon dai dole ki yi mini magana, tunda ran jikanki ne. Na yi ta zuwa gida ba dalili, ina zama inda za ki gan ni. Sai ki aiko Auta da kunun kanwa, ki ɗauki mayafi ki tafi wajen 'ya'yan wasu.

Ranar da jikinki ya yi tsanani ina zaune a bakin gadonki, ina yi miki fifita. Kin buɗe ido kin dubi cikina, kin daɗe kina dubansa. Na ce a raina yau ce. Sai kika juya fuska wajen bango, kika ce, "Auta, gaya wa waccan Laraba ce ranar awo." Hannuna yana kan kafaɗarki a lokacin. Ba ki ƙara wata magana ba sai salati.

Da aka zauna makoki gidan bai ɗauki mutane ba. Sun zo a ƙafa, sun zo a bayan motar ɗaukar kaya, kowace da goyo, kowace tana cewa, "Innarmu ta tafi." Ni suke yi wa gaisuwa, amma sun fi ni kuka, sun kuma fi ni labarinki. Wata ta ce kin taɓa kwana uku a ɗakinta. Wata ta ce kin yi mata kitso tana jego. Ina amsawa, ina cewa Allah ya ba da lada, raina kuwa yana tafasa.

A cikinsu akwai Barakatu, wata doguwa daga Indabo, wadda ta sa wa 'yarta sunanki. Ta ƙura wa cikina ido, ta ce, "Malama, ta biyun ce ta rage miki ko?"

Na ce ko ta farko ban yi ba.

Barakatu ta dafa ƙirji. "'Yar Inna Turai? Wallahi ba za a ji wannan ba. Ranar Laraba zan zo."

Na ce mata na san hanya. Ta ce ita ma ta sani.

Ta zo ɗin kuwa, tun da safe, da goyonta. Muka tafi asibitin. Na hau layi a bayan mata, bencin nan da a da ba kowa yanzu babu wurin zama. Da aka zo kaina Barakatu ta kama wuyan hannuna, ta ce, "Saki kafaɗa, 'yata, dubi nan, kada ki dubi can." Barakatu ba ta girme ni ba. Ba maganarta ba ce, na gane muryar da ta aro, har da yadda kike jan ƙarshenta. Na fashe da kuka a gaban kowa. Malamar ta ce ita ba ta taɓa ganin babbar mace mai tsoron allura irina ba, na bar ta a haka.

Na yi, Yaya. Ta biyun ma zan yi, malamar ta ce da sauran lokaci in ban ƙara wasa ba. Amma kada ki zaci na huce.

Ya Allah ka jiƙan baiwarka Safiyatu, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi. Ka sa 'ya'yanta uku da suka riga ta su tarye ta. Ka saka mata da kowane jariri da ya kai suna ta dalilinta. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifinmu Malam Ƙasimu, da ƙanwata Auta, da dangi na Wudil da Dagumawa. Ina yi wa matan Utai da Indabo ta'aziyya, su da suka fi ni samunta, Allah ya ba su haƙurin rashin uwa.

Ni kuma, ya Ubangiji, ka sauke ni lafiya, ka raya abin da zan haifa. In tawa ta zo ka sa in cika da imani, ka haɗa ni da ita a gidan da babu kunya tsakanin uwa da 'yarta, ta dube ni ido da ido ta ce Saudatu. Amin.