Ni da marayan bakin teku

Jiya na tuɓe kwat ɗina cikin iskar gaɓar tekun Wales, na nufi wani jariri da ke kuka shi kaɗai a kan duwatsu.

Ba ɗan mutum ba ne. Ɗan wata dabbar ruwa ce da ake kira sil, fari fat, jiki kamar buhun gari, idanu kamar na maraƙi. Council, wato hukumar gari, za ta rufe zauren tsofaffinmu na unguwar Cheetham Hill, shi ne aka kai mu wani gandun namun daji yawon bankwana. Ba gida ko ɗaya, sai tsaunuka da tsuntsaye.

To, mu ba ma wuce maraya. Ina dogara sandata sai Alhaji Sule, abokina na Birmingham, ya ƙwala mini kira:

"Malam Garba! Kai da likita ya hana hawa bene, ina zuwa?"

"Zan lulluɓe yaron nan, sanyi zai kashe shi."

Ma'aikaciyar gandun ta sheƙo ta tare ni. Ta ce in na taɓa shi uwar za ta guje shi. Neman abinci ta tafi, za ta dawo.

Na ce, "'Yata, nawa 'ya'yan ma haka suka ce mini, shekara shida ke nan."

Da lokacin tafiya ya yi na ƙi shiga bas, na zauna nesa ina rawar ɗari. Can sai ga uwar ta fito tana jan ciki, ta harare ni.

Jama'a, ku ba ni shawara: in na kwanta a ƙofar gidana na yi ta ihu, nawa 'ya'yan za su zo kuwa?