Sunan da Inna Ta Sa Mini

Ni dai aji huɗu na yi a firamare, babanmu ya ce boko ya isa haka, albasa na jira. To da tsufa ya zo, gwiwa ta ƙi shiga fadamar Bakolori, sai hannu ya kama ƙaiƙayi. Haka na wayi gari marubuci, da littafin 'yan makaranta da biron da sai an hura masa iska yake rubutu.

Shafi biyu na rubuta, a kan mutanen da ke zaune cikinmu suna kai wa 'yan bindiga burodi da man babur da labari. Ban ambaci kowa ba, amma na faɗi yadda suke tambayarka ranar da za ka yanke shinkafa, kamar masu son taya ka aiki. Gidan rediyo zan aika wa, shirin da ake karanta rubutun masu sauraro. Sai da na iso ƙasan takarda, wurin sa suna, na ajiye biron.

Kwana uku ina neman sunan ɓuya. Na ce in sa na sana'a, sai na tuna masu sayar da irin albasa a Talata Mafara da suka iya riƙe biro mu biyu ne, ɗayan kuma ya makance. Na ce in sa na unguwa, yadda marubuta ke yi, to wannan ai kwatance ne har ƙofar gida. Na gwada wani na jarumtaka mai zaki a ciki. Matata ta ji ina maimaita shi a zaure, ta leƙo ta ce, "Malam, kai da ƙadangare ya faɗo maka a bayi ka fito ba buta?" Na soke shi.

Can sai dabara ta zo. Sunan kakana aka raɗa mini, uban babana, don haka Inna ba ta taɓa furta shi ba, sunan surukinta ne. Wani laƙabi ta ƙaga mini, da shi take kirana a ƙauyenmu can bayan Maradun. Ta rasu da daɗewa, ni kuma na bar ƙauyen tun gemu bai fito ba. Ko matata ba ta san shi ba. Kada ku sa ran ganinsa a nan. Na rattaba shi, na yaba wa kaina basira.

Ranar da aka karanta ina rumfar mai shayi da hantsi. Da aka faɗi sunan, wani mahauci ya ce, "Wanga mutum ya gaji da duniya." Na ce ƙwarai kuwa, wawa ne. Sai mai shayi ya ce, "Su na daji ai sun hi mu sauraren rediyo."

Nan na ajiye kofin shayin, don na tuna da Yayata. Tana ƙauyen har yanzu, a bakin daji, rediyo ba ya barin gefen tabarmarta, kuma ba a taɓa yabonta da nauyin baki ba. In ta ce wa maƙwabta ƙanenta ne, ba Mafara za su zo nemana ba. Gidanta ya fi kusa.

Na kira waya, ba sabis. Washegari na shiga motar Maradun. Mu tara a ciki, kowa idonsa na kan bishiyoyi. Duk babur da ya ɓullo daga hanyar gona sai in sunkuyar da kai. Daga Maradun na hau kabu-kabu, mai babur ya ce, "Baba, wurin wa za ka?" Na ce gaisuwar rasuwa. Ya ce wa ya rasu? Na ce ni ma sai na je zan ji.

Na iske ta tana ɓarzar gyaɗa. Muka gaisa, gajiya, iyali, damina, jikoki ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko akuya ba, ni kuwa gumi na bin bayana. Sannan ta tashi ta sakaya ƙofa.

"Marubuci," ta ce. "Sannu da aiki."

"Yaya, don Allah, kin hwaɗa ma wani?"

"Ni mahaukaciya ce? Amma kai wa ya ce maka ni kaɗai na san shi? Inna in ta ƙwala maka kira, har bakin rijiya ana ji. Jiya tsohi huɗu sunka shigo nan. Kowace ta zauna, ta sha ruwa, ta dube ni, ta tashi."

"Ba su ce komi ba?"

"Ba su ce ba. Ɗaya cikinsu kuwa, jikanta na cikin masu kai burodin."

Na ce ta haɗa kayanta mu tafi Mafara yanzu. Ta yi mini kallon da take mini ina ɗan shekara biyar.

"Ka zo yau, in ɓace yau? Ai na sa hannu a rubutunka ke nan. Tashi ka tahi kahin la'asar, kuma kada ka sake zowa bana. In an tambaye ni, irin albasa ka kawo min."

Ban kawo ko ƙwara ba, sai da ta aro na maƙwabta ta shanya a tsakar gida don a gani.

Na dawo Mafara na cusa rubutu na biyu, wanda na riga na fara, cikin murhu. Yaya na nan a ƙauyen. Duk Juma'ar da sabis ya samu nakan kira, in na ji muryarta tana zagina sai in samu in ci abinci. Tsohuwar nan mai jika har yau ba ta buɗe baki ba. Ban taɓa ƙaunarta ba tun muna yara, amma yanzu bayan kowace salla sai na roƙa mata lafiya, kada zazzaɓi ya kama ta ta yi sambatu.