Luguden Inna a Pantai Dalam

Na daɗe ina ɗaukar wayar nan ina ajiyewa. Ni da karatuna ya tsaya a firamare, me zan rubuta a garin da kowa digiri ya zo nema? Kuma maganar waƙa ce, waƙar ma ta hip-hop. Amma abin ya hana ni sukuni, gara in faɗa.

Karatu ne ya kawo maigidana Kuala Lumpur, da ya gama suka riƙe shi koyarwa. Mun zo da ɗanmu na fari yana rarrafe. A unguwar Pantai Dalam ya girma, a gidan bene, cikin 'ya'yan Malay da Indiyawa. Idan na yi masa Hausa yana ji, amma da Turanci amsar take dawowa. Har Inna, mahaifiyata, ta rasu ba su taɓa yin doguwar hira a waya ba. Ta ce, "Angona, ka ci abinci?" ya yi murmushi ya miƙo min wayar.

Da ya shiga sakandare sai ya kama wannan waƙa. Shi da abokansa biyu sukan zauna a shagon shayin Indiyawa Musulmi, wanda ake kira mamak, da ke ƙasan gidanmu bayan la'asar, ɗaya yana buga tebur, ɗaya yana kiɗa da baki, suna jero magana kamar ana korar su. In leƙa ta taga, in koma, in sake leƙawa. Na tambayi matar wani malami ko haramun ne. Ta ce in dai babu batsa kuma ba ta hana shi salla, in sa ido kawai. Ido kuwa na sa har ya gaji.

Ran nan ina tuƙa tuwo ya shigo kicin ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Umma, ba ni Hausa."

Da Hausa ya faɗa. Ashe a wasan nasu kowa yana da baiti da yaren gidansu. Ɗan Malay ya yi nasa, ɗan Tamil ya yi nasa, shi ya yi da Turanci, suka ce kayan aro ne.

"Wai ni ba ni da yare, Umma."

"Tun yaushe nake ba ka kana zubarwa?"

"Ba Hausar faɗa ba. Mai kiɗa."

Sai lugude ya faɗo min. A ƙauyenmu idan daka ya yi yawa, mata sukan taru a turmi ɗaya, a cilla taɓarya sama, a tafa, a cafe, Inna tana ba da waƙa. Nan babu turmi. Na sauke tukunya, na ɗauki muciya ina buga katakon yanka albasa:

"Gero ya shigo, kunya ta fita,
Mai hannu biyu ba ta kwana da tsaba."

Nan na tsaya. Sauran ya ɓace min ƙaf.

Washegari ta taga na jiyo maganar Inna a bakin ɗana, tebur yana amsawa, ɗan Tamil yana yi masa amshi. Matar da muryarta ba ta taɓa wuce zaure ba, ga waƙarta a bakin titi, jirgin ƙasa yana wucewa. Har yau ban san ko na kyauta mata ba.

Tun daga ranar yake bina da tambaya, duk da Hausa. Mene ne tsaba? Yaya ake sussuka? A ƙarshe kullum, "Umma, sauran fa?" Ya ce in ƙirƙiro. Ni kuwa ba zan sa wa mamaciya maganar da ba ta faɗa ba. Na kira yayata, ita ma iyakarta ke nan, tun da injin niƙa ya zo aka daina. Tsorona, ranar da na ce masa babu saura, tambayar za ta ƙare, Hausar ta bi ta.

Don haka nake roƙo. Duk wanda yake da tsohuwa daga ƙauyukan yammacin Kano, ya rera mata layin nan biyu. Na tuna akwai wajen da ake ambaton hadari, da wajen da ake korar akuya, ban san wanne ne a gaba ba. Ko layi ɗaya aka samu, a turo ta zauren matan Najeriya na nan garin, tare da sunan ƙauyen, don kada in haɗa masa da waƙar wasu.