Buzuzun da Ya Fasa Randar Kaka

Tsufa ya shafe mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu abokan ajinmu sun ɓace mini, amma maganar buzuzun da na gina da yumɓu kam, ba na jin zan manta da ita har ranar da za a ɗauke ni.

Zamanin Turawa ne, ina aji uku a elementare ta Batsari. Mu mutanen Zakka ne ta ƙasar Safana, amma da aka rubuta ni a boko sai mahaifina ya kai ni wurin mahaifiyarsa, wadda ke zaune a Batsari tana ginin tukwane. Kaka 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai baki, ba ta kirana da komai sai "Maigida", irin wasan kaka da jika. Abin tinƙahonta ɗaya ne a duniya: tun da ta fara sana'a, randa ba ta taɓa fashe mata a wuta ba.

Wata rana malaminmu ya shigo da wani littafi mai hotuna, ya ce yau Masar ta zamanin da za mu je. Ya nuna mana kogin Nilu da kaburburan sarakuna, sai kuma ga hoton buzuzu, wannan dai da muke gani yana mirgina kashin shanu a bayan gari. Aji ya kece da dariya. Malam ya bari muka gama, sannan ya ce mutanen Masar sun ga yadda yake tura dunƙulensa, sai suka kwatanta shi da tafiyar rana daga gabas zuwa yamma. Sukan sassaƙa shi da dutse, su rubuta suna a ƙarƙashinsa, ya zama hatimi.

Wani yaro ya ce, "Malam, ai gunkin Fir'auna ne."

Malam ya ce, "Ba bauta masa za ku yi ba, sanin mutanen za ku yi. Kowa ya gino nasa da laka, ya zana harafin sunansa a ciki. Baturen makaranta na nan tafe, zai duba aikin hannu."

To ni Allah ya yi ni da son a ce na fi kowa. Sauran yara shanya nasu za su yi a rana, ni kuwa jikan mai tukwane, na ce nawa sai ya sha wuta ya fito ja, yana ƙara in an ƙwanƙwasa. Na yagi yumɓun Kaka tun kafin ta cuɗa shi da garin tsingaro, wato dakakkun fasassun tukwanen da take haɗawa. Na gina ƙaton buzuzu, ya fi dunƙulen hannun babba, a cushe tim, na tsaga masa fukafukai da tsinke.

Kaka ta leƙo ta ce, "Maigida, mi nike gani? Mai turin kashi? Wanga aka raba ka da gonar ubanka ka zo koyo?"

Na roƙe ta ta gasa mini. Ta ce, "Matoyata ba ta cin kayan wasa." Ni kuwa na ɗauka rowa ce kawai.

Bayan kwana uku ranar gashi ta zo. Ta jera tukwane a matoya, filin da take toya su a bayan gida, ta shiga sallar la'asar kafin ta rufe su da kara da ƙaiƙayi. Na lallaɓa na zura buzuzuna cikin babbar randar da ta yi mako biyu tana ginawa. Wuta ta kama, ta yi ƙarfi, ina tsaye ina jin daɗina. Sai muka ji fam! Kaka ta daskare da sanda a hannu.

Da safe aka yaye toka. Babbar randa ta dare gida uku, ta kuma tafi da biyu na kusa da ita. Buzuzu ya zama tsakuwa, sai ɓarin fiffike ɗaya da na gane, na yi maza na take shi da ƙafa har ya nutse.

Na zaci za ta yi faɗa ta nemi mai laifi. Da ta yi hakan ma da ya fi mini sauƙi. Zama ta yi a ƙasa tana jujjuya fasassun, tana kai su kusa da idonta. Can ta ce, "Na bar iska cikin yumɓu ban gani ba. Haka ya faru ga uwata, daga ranar ba ta ƙara gini ba. Hannu ya ƙare." Ta rufe yumɓunta da tsohuwar tabarma, ta aika Zakka a gaya wa mahaifina ya zo ya ɗauke ta, ni kuma a nema mini wani gidan.

Kwana goma sha biyu na yi da maganar nan a bakina. Kaka ta daina tsokanata, ta daina waƙar da take yi in tana aiki, sai ta zauna a inuwa tana kallon tafin hannunta. Bature ya zo, ya bi layin buzuzun yara yana gyaɗa kai, ya wuce wani ɗan guntun da na murɗa da safen ko kallo bai yi ba. Ban damu ba. Kullum sai in ce gobe zan faɗa, in gobe ta yi tsoron bulala ya rufe mini baki. Ina jin kunyar wannan har yau.

Ranar da mahaifina ya iso da jaki, ana ɗaure kaya sai Kaka ta ɗauko dutsen da take goge tukwane da shi, wanda ta gada wurin uwarta, ta miƙa wa maƙwabciyarmu. Ta ce, "Ungo, ke da sauran ido."

Nan na kasa. Na fashe da kuka na ce, "Kaka, ni ne. Buzuzuna na sa cikin randar."

Ta matso ta kama kafaɗata, ba da fushi ba, ta ce, "Cikinshi da rami ko a cushe?"

"A cushe."

"Ka sa garin tsingaro?"

"A'a."

"Kwana nawa ya sha iska?"

"Uku."

Sai ta zauna daɓas a kan ɗaurin kaya, tana dariya hawaye na zuba. "Ɗanyen dunƙule cikin wuta! Ko randar ƙarfe ce ai sai ta tashi. Ashe hannuna lafiya lau!" Mahaifina ya zaro tsumagiyar jaki, ta tare shi, ta ce ya kwance kayan ya koma gonarsa. Maƙwabciya ta dawo da dutse tun ba a tambaye ta ba.

Da yamma ta yaye tabarmar, ta yayyafa wa yumɓu ruwa, ta kira ni. Ta ce, "Randa ukku ba komi ba ne, ƙasa ce, gobe in gina wasu. Na yafe. Amma kwana goma sha biyun da ka bar ni ina zargin hannuna, kana kallona kana cin tuwona, wanga sai na yi shawara."

Ta ci gaba da gini shekaru da dama, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarta yadda shawarar ta ƙare ba. Tun daga lokacin na san cewa ɓarna tana da sauƙin gyara, shirun da ke biyo bayanta shi ne mugun. In ka yi laifi ka ɓoye, ba ɓacewa yake yi ba, wani bawan Allah ne zai ɗauka ya ɗora wa kansa.